Kabarin Sairus da Sunan Uwar Sulaiman: Hukuncin Kuskuren da Ya Tsare Kufai

A filin Murgab da ke lardin Fars a kudancin Iran, kimanin kilomita 130 arewa maso gabas da birnin Shiraz, akwai wani ɗan ƙauyen manoma da makiyaya da ake kira Madar-e Sulaiman, wato Uwar Sulaiman, wanda gidajensa ke maƙwabtaka da wani ginin farin dutse da ya haura shekara 2,500 a tsaye. Masana tarihi a yau sun haɗu a kan cewa wannan gini kabarin Sairus ne, sarkin da Farisawa ke kira Kurush, wanda ya kafa daular Hakamanish, ya ci Babila da yaƙi a shekara ta 539 kafin Miladiyya, ya kuma mutu a shekara ta 530. Mutanen yankin kuwa sun shafe aƙalla ƙarni bakwai suna ɗaukarsa a matsayin kushewar mahaifiyar Annabi Sulaiman (AS), suna ziyartarsa, suna binne mamatansu a gefensa, kuma daga wannan zato ne ƙauyen ya samo sunan da yake amsawa har yanzu. Tambayar da wannan al'amari ke haifarwa ta addini ce kuma ta falsafa: idan kuskure ne ya tsare abin da mantuwa za ta iya salwantarwa, wane hukunci ya dace da wannan kuskure, kuma mene ne ya rataya a wuyan mai ilimin da ya zo daga baya da sahihin bayani.

Ginin kansa ba shi da ado. Dandamali ne mai hawa shida, kowane hawa ya fi na ƙarƙashinsa ƙanƙanta, a samansa kuma ɗaki guda mai rufi irin na tankwasa biyu, wanda tsawonsa a ciki bai wuce mita 3 da 'yan kai ba, faɗinsa kuma kimanin mita 2, da wata ƙaramar ƙofa da sai mutum ya sunkuya zai shiga. Tsayinsa gaba ɗaya kusan mita 11 ne, an kuma gina shi da manyan duwatsu da aka sassaƙe aka jera ba tare da kwaɓi ba, aka ɗaure su da maƙalai na ƙarfe, salon da ake dangantawa da magina daga Lidiya da Ayoniya a yammacin Turkiyya ta yau, ƙasashen da Sairus ya ci kafin ya fara gina babban birninsa, Fasargad, a wannan fili. Marubucin Girka Ariyan, wanda ya dogara da shaidar Aristobulus, ɗaya daga cikin mutanen Iskandar na Makidoniya, ya bayyana cewa kabarin yana tsakiyar lambu ne, a cikinsa akwai akwatin gawa na zinariya da gado da tufafin sarauta, kuma wasu limaman Majusawa ne ke gadinsa gado daga uba zuwa ɗa, ana ba su tunkiya ɗaya kullum da doki ɗaya kowane wata domin yanka. Lokacin da Iskandar ya komo daga Indiya a shekara ta 324 kafin Miladiyya ya tarar an fasa kabarin an kwashe kayansa, sai ya sa aka gyara shi aka toshe ƙofar aka buga mata hatiminsa.

Daga nan sunan mai kabarin ya fara dushewa a ƙasarsa, kuma wajibi ne a lura cewa wannan mantuwa ta riga Musulunci zuwa. Tarihin sarakunan da Farisawa suka tsara a zamanin daular Sasan, wanda Firdausi ya gada ya mayar waƙa a Shahnama da ya kammala a shekara ta 1010, cike yake da Jamshid da Faridun da Kaikusrau da Rustam, amma babu Sairus a cikinsa da sunansa. Waɗanda suka riƙe sunan baƙi ne: Girkawa, da suka rubuta labarin yaƙe-yaƙensa, da Yahudawa, da suka ambace shi a littattafan Ishaya da Ezra a matsayin sarkin da ya sallame su daga zaman bauta a Babila ya kuma yarje musu su sāke gina Haikalin Ƙudus. Ta wannan hanya ce malamai irin su Ɗabari da Biruni suka san sunan, ba tare da sun haɗa shi da ginin Murgab ba. Saboda haka labarin da ya yaɗu a bakin masu yi wa baƙi jagora, cewa rundunar Larabawa ta zo rushe kabarin sai masu gadinsa suka yi dabara suka ce na uwar Sulaiman ne, yana da rauni tun daga tushe, domin yana ɗauka cewa masu gadin sun san gaskiya suka ɓoye ta, alhali alamu suna nuna cewa a lokacin da Larabawa suka ci birnin Istakar na wannan yanki da yaƙi, wajen shekara ta 650, an daɗe da rabuwa da wannan sani.

Sunan Sulaiman bai faɗo a kan wannan gini da ka ba. Alƙur'ani, a cikin Suratu Saba'i, ya ba da labarin cewa an hore wa Annabi Sulaiman (AS) iska da aljannu, kuma aljannun suna yi masa manyan gine-gine da mutum-mutumi da akusa masu girman tafkuna da tukwane kafaffu. Mutumin da ya tashi a ƙauyen da ake gini da tubalin laka, ya ga dutsen da mutum ashirin ba za su iya jijjiga shi ba an ɗora shi a kan wani daidai wa daida har wuƙa ba ta shiga tsakani, dole ya nemi dalili, kuma dalilin da iliminsa ya ba shi shi ne cewa wannan ba aikin hannun ɗan Adam ba ne. Haka aka yi wa sauran kufan wannan fili: hasumiyar dutse da ke arewa da kabarin ta zama kurkukun Sulaiman, babban dandamalin da ke kan tudu ya zama gadon sarautar uwarsa. Can arewa maso yammacin Iran ma, kusa da Takab, tsohon gidan wutar Majusawa na zamanin Sasan ya koma Takti Sulaiman, kamar yadda kufan Farsafolis ya koma Takti Jamshid. Wasu sun kai ga cewa Jamshid da Sulaiman mutum ɗaya ne, zancen da Dinawari ya ruwaito cewa Ibnul Muƙaffa ya ƙaryata tun a ƙarni na 8, abin da ke nuna cewa ko a wancan zamani akwai masu tantancewa. Duk da haka sunan ya kafu har ya shiga harshen sarauta, inda aka riƙa kiran lardin Fars mulkin Sulaiman, sarakunan Salgur da suka mulki Shiraz a ƙarni na 12 da na 13 kuma suka riƙa yi wa kansu laƙabi da magada mulkin Sulaiman. Abin mamaki a nan shi ne cewa sarkin da ya ba da izinin sāke gina Haikalin da Sulaiman ya fara ginawa shi ne aka mallaka wa gidan Sulaiman kabarinsa, ba tare da masu mallakawar sun san da wannan dangantaka ba.

Abin da sunan ya yi wa ginin a aikace a bayyane yake. Littafin Farsnama na Ibnul Balki, wanda aka rubuta a farkon ƙarni na 12, ya ambaci kabarin da wannan suna, ya kuma kawo camfin cewa duk wanda ya leƙa cikinsa zai makance. A farkon ƙarni na 13 Atabak Sa'ad ɗan Zangi, ɗaya daga cikin sarakunan Salgur, ya mayar da harabarsa masallacin Juma'a, aka kwaso ginshiƙai daga rusassun fādodin Sairus aka kewaye shi da su, aka kuma sassaƙa ɗan mihirabi, wato alamar alƙibla, a jikin bangon ɗakin daga ciki. Ɗan Banis mai suna Barbaro, wanda ya ratsa yankin a shekarun 1470, ya same shi da wannan suna, haka nan Bature James Morier, wanda ya isa wurin a shekara ta 1809, ya tarar mata ne ke riƙe da mabuɗin ɗakin kuma su kaɗai ake bari su shiga. A tsawon wannan zamani fādodin da ke kusa sun zama mahaƙar dutse, har a ƙarni na 14 aka gina masaukin fatake da duwatsunsu, wanda kangonsa yana nan kusa da kabarin. Duwatsun iri ɗaya ne, filin ɗaya ne, mabuƙatan ma ɗaya ne, amma fādodin sun ƙare a ƙasa, kabarin kuma ya tsaya da rufinsa. Nauyin duwatsunsa da ƙarfin gininsa suna da kaso a wannan tsira, sai dai ba a iya musun cewa alfarmar da aka jingina masa ta kange hannuwa da yawa.

Kafin a yanke wa wannan al'amari hukunci, ya kamata a rarrabe tsakanin ƙarya da kuskure, domin malaman ɗabi'a ba su ɗauke su abu guda ba. Ƙarya ita ce mutum ya faɗi saɓanin abin da ya sani da nufin ya ɓatar da mai sauraro, kuma a kanta ne aka yi doguwar muhawara ko maslaha tana halatta ta: Aflatun ya yarda shugabanni su ƙirƙira wa talakawa almara domin haɗin kan birni, Gazali kuma a Ihya'u ya taƙaita rangwamen ga wuraren da gaskiya za ta jawo ɓarna mafi girma, kamar ɓoye wanda azzalumi ke nema. Abin da ya faru a Murgab bai shiga wannan babi ba, tun da babu wanda ya san gaskiya balle ya ɓoye ta. Ya fi kusa da abin da malaman manɗiƙi, wato ilimin tsara hujja, suke kira jahilci murakkabi, wanda shi ne mutum ya ƙudurce abu a kan saɓanin yadda yake kuma bai san cewa bai sani ba, saɓanin jahilci basiɗi, wanda mai shi ya san akwai giɓi a saninsa. Mai irin wannan jahilci ba a kama shi da laifin yaudara, ba a kuma yaba masa da hikimar da bai yi niyya ba. Alherin da ya biyo bayan kuskurensa bai mayar da kuskuren daidai ba, kamar yadda kuskuren bai shafe alherin ba. Hausawa kan ce ramin ƙarya ƙurarre ne, to amma ramin kuskure yana iya yin zurfin ƙarnuka, domin babu mai laifin da tsoron tonuwar asiri zai hana shi barci.

A mahangar Musulunci kuma maganar tana da fuskoki da ba su taru wuri ɗaya ba. Alƙur'ani ya maimaita umarnin a yi tafiya a bayan ƙasa a dubi yadda ƙarshen al'ummomin da suka gabata ya kasance, waɗanda suka fi na baya ƙarfi da yawan gine-gine, kuma manufar wannan dubi ita ce izina, wato ɗaukar darasi daga abin da ya sami wani. Lokacin da Annabi (SAW) ya ratsa Hijir, mazaunin Samudawa, a kan hanyar Tabuka, ya umarci sahabbai da kada su shiga sai suna masu kuka, bai kuma umarce su da rushe gidajen da aka fafe a cikin duwatsu ba. Ɗabari ya ruwaito cewa Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas ya yi salla a babban zauren Kisra bayan cin Mada'in, ya bar siffofin da ke jikinsa yadda suke, kuma sanannen labari ne cewa wazirin gidan Barmak ya shawarci halifan Abbasiyawa da kada ya rushe wannan zaure, domin tsayuwarsa shaida ce a kan girman daular da Musulunci ya rinjaya. Abdullaɗif Bagadadi, wanda ya rasu a shekara ta 1231, ya yi tir da masu farfasa kayan tarihin Masar don neman dukiya, yana mai kafa hujja da cewa waɗannan abubuwa suna gaskata labaran da littattafan sama suka kawo. A ɗaya gefen kuma akwai hani mai tsanani a kan mayar da kaburbura masallatai, da labarin gawar Annabi Daniyalu da aka samu a Kuzistan a zamanin Halifa Umar, wadda aka binne a ɓoye domin kada jama'a su fitinu da ita, da kuma matsayin Ibnu Taimiyya, wanda ya yi rubutu a kan hubbarori da dama da aka jingina wa annabawa da salihai ba tare da tabbaci ba. Malaman Shi'a da Sufaye da yawa suna da wata fahimta game da ziyara da tabarruki, wato neman albarka ta hanyar abin da ke da alaƙa da bayin Allah na gari, kuma ba wannan ne wurin warware saɓanin ba. Abin da ya shafi wannan bincike shi ne cewa dukkan ɓangarorin suna buƙatar sanin wanda ke cikin kabarin: mai neman tabarruki ba ya nufin neman sa wurin sarkin da ba annabi ba ne, mai neman izina kuma ba zai sami cikakken darasi ba matuƙar bai san cewa wannan ɗan ɗaki shi ne ya rage wa mutumin da mulkinsa ya taso daga tekun Girka zuwa Asiya ta Tsakiya. Sunan Uwar Sulaiman ya tsare dutsen, ya kuma rufe darasin da dutsen ke ɗauke da shi.

Wannan ne ya sa gyaran ya zama wajibi a lokacin da hanyarsa ta samu. Morier ya lura da kamannin ginin da abin da Girkawa suka siffanta amma ya yi ɗari-ɗari, Robert Ker Porter, wanda ya zo a shekara ta 1818, ya fito fili ya ce kabarin Sairus ne, sannan karanta rubutun ƙusa, wato tsohon rubutun da ake dannawa a laka ko a sassaƙa a dutse da alamomi masu kama da ƙusa, wanda Grotefend ya buɗe ƙofarsa a shekara ta 1802, ya bayyana sunan sarkin a jikin ginshiƙan fādodin. Ernst Herzfeld ya rubuta kundin digirinsa a kan Fasargad a shekara ta 1907 ya kuma yi tono a wurin a shekara ta 1928, Ali Sami na hukumar kayan tarihin Iran ya ci gaba daga shekara ta 1949, David Stronach kuma ya yi aiki daga 1961 zuwa 1963, kuma bincikensa a kan magudanan ruwa na dutse ne ya nuna tsarin lambun fāda. Ilimin tonon kufai, wanda shi ne karanta tarihi daga abin da ƙasa ta binne ta hanyar bin hawa-hawanta ɗaya bayan ɗaya, ya yi a nan abin da ya fi ƙwarewa a kai. Ya dace a ambata cewa ba a sami wani rubutu a jikin kabarin kansa da ke ambaton mai shi ba, har da wanda Girkawa suka ce sun gani, don haka hukuncin ya ginu ne a kan haɗuwar alamomi, wato siffar ginin da wurinsa da zamanin salon sassaƙarsa, irin hujjar da malaman usulu za su kira zato mai rinjaye wanda ya kusanci yaƙini.

Sai dai abin da aka yi da wannan gaskiya bayan an same ta shi ne ya fi buƙatar dogon nazari. A shirye-shiryen bikin cika shekara 2,500 na sarautar Iran, an kwashe ginshiƙan masallacin Atabak aka mayar da su wuraren fādodin da aka ɗebo su, an share maƙabartar da ta kewaye kabarin, aka bar shi shi kaɗai a tsakiyar fili. Ranar 12 ga Oktoba, 1971, Sarki Muhammad Riza Pahlawi ya tsaya a gabansa ya yi wa Sairus jawabi kai tsaye, yana ce masa ya yi barcinsa cikin natsuwa tun da magadansa suna farke. A wannan shekara aka miƙa wa Majalisar Ɗinkin Duniya kwafin dunƙulen yumɓun nan mai rubutun ƙusa da aka tono a Babila a shekara ta 1879, aka gabatar da shi a matsayin takardar haƙƙin ɗan Adam ta farko, alhali masana rubutun Babila suna ganinsa a matsayin sanarwar sarauta bisa tsohuwar al'adar ƙasar, wadda a cikinta sabon sarki ke nuna cewa gunkin birnin, Marduk, shi ya zaɓe shi. A shekara ta 1976 aka sauya kalandar ƙasar daga lissafin Hijira zuwa lissafin da ya fara daga sarautar Sairus, aka wayi gari a shekara ta 2535, matakin da aka janye a 1978, 'yan watanni kafin juyin juya halin da ya kawar da sarautar baki ɗaya.

Wanda ya dubi wannan aiki da idon adalci zai ga cewa an gyara kuskure ɗaya ta hanyar ƙirƙirar wani. Kabarin da ke tsaye shi kaɗai a fili ba shi ne wanda Sairus ya bari ba, domin nasa yana cikin lambu ne da masu gadi da yanka, kuma ba shi ne wanda tarihi ya miƙo ba, domin wannan yana da masallaci da kusheyi da mata masu riƙe da mabuɗi. Siffa ce ta uku, wadda aka tsara domin ta dace da labarin da gwamnati ke son bayarwa na sarauta ɗaya miƙaƙƙiya daga ƙarni na 6 kafin Miladiyya zuwa ƙarni na 20. Ƙa'idar ilimin tonon kufai ita ce kowane hawa shaida ne, kuma masallacin da ya haura shekara 700 ya cika duk wani sharaɗin zama kayan tarihi. Kwashe shi ya hana na baya ganin yadda al'ummar Musulmin Fars ta fahimci abin da ta gada. Gaskiya game da wuri irin wannan iri biyu ce: akwai gaskiyar wanda aka gina shi dominsa, akwai kuma gaskiyar abin da ya gudana a cikinsa, kuma kuskuren mutanen ƙauye, ko da yake ba daidai ba ne a matsayin bayani game da mai kabarin, tabbataccen lamari ne a matsayin tarihi. Bambancin da ke tsakanin ɓangarorin biyu bai yi wa masu ilimin daɗi ba, domin manomin Murgab ya yi kuskure ne cikin rashin sani, masu shirya bikin kuwa sun zaɓi abin da za su nuna da abin da za su kawar alhali littattafan Herzfeld da rahotannin Stronach suna hannunsu. A ma'aunin Alƙur'ani kuma, mayar da kufai abin alfahari shi ne kishiyar manufar da aka ce a dube shi dominta, tun da abin da aka zargi Adawa da shi ya haɗa da gina alamomi a kan tuddai don wasa da riƙon manyan gine-gine kamar masu zaton dawwama. Mihirabin da ke cikin ɗakin ya tsira ne kawai saboda a jikin dutsen aka sassaƙa shi.

Buƙatar jingina ginin ga wani suna mai tsarki ba ta gushe ba bayan bayyanar sunan Sairus, sai dai ta sauya tufafi. Abul Kalam Azad, malamin nan na Indiya wanda ya zama ministan iliminta na farko bayan samun 'yanci, ya kafa hujja a tafsirinsa cewa Zulƙarnaini na Suratul Kahfi shi ne Sairus, yana dogara da tafiye-tafiyensa na yaƙi zuwa yamma da gabas, da shaidar adalcinsa, da wahayin rago mai ƙaho biyu a littafin Daniyalu, da kuma wani hoton dutse a ƙofar fādar Fasargad na mutum mai fukafukai huɗu sanye da kambi mai ƙahoni. Allama Ɗabaɗaba'i ya karkata ga wannan ra'ayi a tafsirinsa Almizan, abin da ya ba Iraniyawa masu riƙo da addini damar girmama Sairus ba tare da jin sun saɓa wa aƙidarsu ba. Magabatan masu tafsiri sun tafi a kan wasu ra'ayoyi, wasu suka ce Iskandar ne, wasu suka ce wani sarkin Himyar ne na Yaman, masana zane-zanen zamanin kuma suna nuna cewa kambin salon Masar ne, fukafukan kuma na Assuriya, kuma ba a tabbatar hoton na sarkin ne ba. Ra'ayin Azad ijtihadi ne mai hujjoji, wanda ya fi zaton mutanen ƙauye ƙarfi nesa ba kusa ba, amma aikin da yake yi a zukatan jama'a iri ɗaya ne da wanda sunan Uwar Sulaiman ya yi, kuma idan aka ɗaga shi daga matsayin mai yiwuwa zuwa matsayin tabbas an koma gidan jiya.

A shekara ta 2004 hukumar UNESCO ta sanya Fasargad cikin jerin wuraren gadon duniya, ƙauyen Madar-e Sulaiman da maƙwabtansa kuma suka faɗa cikin da'irar kariya inda ake taƙaita gini da haƙa, ta yadda jikokin waɗanda suka yi gadin kabarin a bisa kuskure suka zama waɗanda doka ke gadin kabarin daga gare su. A ƙarshen Oktoba na 2016 dubban mutane sun taru a wurin domin ranar da ake kira ranar Sairus, taron ya rikiɗe ya zama na siyasa, daga shekarar da ta biyo baya kuma hukumomi suka riƙa tare hanyoyin shiga a irin wannan rana. Gwaji mafi bayyana ga ƙarfin suna ya zo ne da madatsar ruwa ta Siwand, wadda aka gina a kan kogin Fulwar a ƙasa da Fasargad. Hayaniyar da aka yi a ciki da wajen Iran ta ta'allaƙa ne a kan fargabar cewa ruwa zai ci kabarin, abin da bai faru ba domin ginin yana sama da iyakar tafkin, ko da yake masana sun nuna damuwa a kan illar laima ga dutsen. Wuraren da ke cikin haɗari na haƙiƙa suna cikin kwazazzabon Bulagi, inda ayarin masu tono daga Iran da Jamus da Faransa da Italiya da Foland da Japan suka yi aikin ceto cikin gaggawa, suka ƙididdige wurare fiye da 100, daga kogunan mutanen zamanin dutse zuwa matoyar tukwane ta dubban shekaru, da wani ƙauye na zamanin Hakamanish, da wuraren matsar inabi na ƙarnukan baya. Waɗannan su ne suka fi bayyana yadda talakawan Sairus da magabatansu suka rayu, amma babu ɗaya daga cikinsu da aka jingina wa annabi ko sarki, kuma a watan Afrilu na 2007 aka fara tara ruwa a madatsar.